Wai da gaske kalmar "nice" zagi ce a asalinta?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Akwai wani saƙo da ake ta turawa a WhatsApp, na tabbata wasunku sun ci karo da shi. Saƙon ya ce kalmar Turancin nan "nice", wadda ba ta barin bakin yaranmu, daga Latin ta fito, kuma ma'anarta jahili. Wai duk wanda ya ce maka kai "nice" ne, jahili ya kira ka. Har ya ƙara da cewa Turawa suna sane suka koya mana ita, don su riƙa zaginmu muna murna. Abin ya tsaya min a rai. Ina roƙon masu ilimin harshe da ke cikinmu su warware mana. In gaskiya ne, gara mu hana yara faɗinta a gida tun wuri.

Malamar Turanci:
Wa alaikumus salam Baba. Rabin farko na saƙon gaskiya ne, rabi na biyu kuwa ƙiren ƙarya ne.

A Latin, harshen Rumawan da, akwai aikatau "scire", wato sani. Idan aka liƙa masa ɗafa-goshin korewa "ne", sai a sami "nescire", rashin sani. Barume in zai ce ban sani ba, "nescio" zai ce. Daga nan aka samo sifar "nescius", wanda bai sani ba. Bayan faɗuwar daular Rum ta yamma a shekarar 476, Latin ɗin da talakawa ke yi a ƙasar da yanzu ake kira Faransa ya ci gaba da sauyawa har ya zama tsohon Faransanci. A cikinsa "nescius" ta zaizaye ta koma "nice", da ma'anar wawa ko marar wayo. A wajajen shekarar 1300 aka fara ganinta a rubutun Ingilishi, kuma da wannan ma'anar ta wawa ta shigo.

Amma batun cewa an koya mana ita don a zage mu ba shi da tushe. Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903. A lokacin kalmar ta haura shekara ɗari tana nufin abu mai daɗi, ta kuma daɗe tana nufin mutumin kirki. Da ita suke yabon 'ya'yansu da abincinsu da yanayin garinsu. Bature in bai yi karatun Latin ba, bai ma san tana da wani tarihi ba.

Baban Hanifa:
Na gode Malama. Amma hankalina bai kwanta ba tukuna. Yaya za a yi kalma ta tashi daga wawa ta koma mutumin kirki? Tsakanin nan da can akwai tazara mai yawa. Abin da aka gina kan zagi ai zagi ne, ko an shafa masa turare.

Malamar Turanci:
Ba tsalle ɗaya ta yi ba Baba, taku-taku ta yi cikin kusan shekara ɗari biyar, kuma kowane taku yana nan a rubuce.

A zamanin mawaƙin Ingila Chaucer, wanda ya rasu a 1400, idan aka ce mutum "nyce" ne, wawa ake nufi. A wannan ƙarnin dai aka fara jifan wani irin wawa na musamman da ita: mai almubazzaranci wajen ado, mai son jiki, wanda bai san ciwon kansa ba. Daga mai son jiki sai ta gangara kan mai tsirfa, wanda komai aka ba shi sai ya yatsina fuska, abinci sai ya zaɓa, tufafi sai ya zaɓa. To a nan ne hanya ta yi kwana. Mai tsirfa abin haushi ne, amma kuma shi ne mai idon gane abu mai kyau. A hankali sai nauyin kalmar ya bar mai zaɓen ya koma kan abin da ya zaɓa. Zuwa ƙarni na 16, idan aka ce aiki "nice" ne, ana nufin an yi shi da ƙwarewa da lura, ba a bar ko ƙwayar kuskure ba. A tsakiyar ƙarni na 18 ta fara nufin duk abin da ke da daɗi ga rai, zuwa farkon ƙarni na 19 kuma ta hau kan mutum mai kirki da tausayi.

Ma'anonin nan ba bin layi suka yi ba, ɗaya ta mutu sannan ɗaya ta zo. Sun daɗe suna zaune tare. Shakespeare a wasansa na Romeo da Juliet ya yi amfani da ita kan wata wasiƙa, inda ake cewa wasiƙar ba "nice" ba ce, ma'ana ba ƙaramin abu ba ce da za a yi sakaci da ita. Babban ƙamus na Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, shi da kansa ya faɗa cewa a misalai da yawa na ƙarni na 16 da na 17 yana da wuya a gane wace ma'ana marubucin yake nufi.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari. Mu nan Nijar da Faransanci muka yi karatu, kuma zan shaida muku cewa yau ba mai cewa "nice" a Faransanci da ma'anar wawa. Kalmar ta mutu a gidan da aka haife ta, ta rayu a gidan aro. Abin da muke da shi shi ne "niais", shi ma sakarai yake nufi, kuma mutane da dama suna ɗauka ita ce uwar ta Ingilishi saboda kamar da suka yi. Ba ita ba ce. "Niais" daga kalmar Latin ta sheƙar tsuntsu take, "nidus". Masu farauta da shaho ne suke kiran ɗan shahon da aka ɗauko daga sheƙa da ita, wanda bai san duniya ba tukuna.

Wanda yake son ya ga tsohuwar ma'anar da ranta, ya leƙa Sifaniyanci. Har gobe "necio" a wurinsu wawa ne mai taurin kai.

Maman Sadiq:
To birnin Nice na Faransa fa? Rubutunsu ɗaya sak. Ko shi ma garin jahilai ne a asali?

Ɗan Damagaram:
A'a Hajiya, rubutu kawai ya haɗa su. Girkawa ne suka kafa garin a bakin Bahar Rum wajajen ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga mazauninsu na Massalia, wato Marseille ta yau. Suka sa masa suna Nikaia, daga "nike", nasara a harshensu. Wannan kalmar ce kamfanin takalman Nike ya ɗauka. "Nis" ake furta sunan garin, ba "nayis" ba.

Abba Ɗan Zazzau:
Yayyena ina da tambaya. Malama ta ce daga Faransanci Ingilishi ya aro. Me ya kai Ingilishi aron kalmar wawa? Su ba su da tasu ne?

Malamar Turanci:
Suna da ita ƙanena. Mulki ne ya kawo aron. A 1066 William, sarkin yankin Normandy da ke arewacin Faransa, ya ƙetara teku ya ci Ingila da yaƙi a Hastings. Daga nan kusan shekara ɗari uku fada da kotu da manyan gidaje Faransanci suke yi, talaka na Ingilishi. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Ingilishi. Kafin nan dubban kalmomi sun riga sun kwarara. Shi ya sa dabba in tana kiwo sunanta na Ingilishi ne, "cow" da "sheep", in ta zama nama a teburin mai gida kuma sai ta koma "beef" da "mutton", na Faransanci. A wannan ambaliyar "nice" ta shigo.

Ɗalibin Harsuna:
Allah ya saka wa Malama da alheri. Bari in ɗora daga inda ta tsaya, in koma baya, domin Latin ɗin ma ba shi ne mafari ba.

Da farko batun furuci. Rumawan zamanin da ba "nesiyus" suke cewa ba, "neskiyus" suke cewa, domin harafin c a wurinsu k ne a ko'ina. Mu Hausawa muna da shaidar haka a hannunmu. Sarautar da Turawa ke furtawa "Siza" yau, mu Ƙaisar muka san ta a littattafan sira, ta hanyar Larabci, Jamusawa kuma Kaiser. An ari sunan ne da tsohon furucinsa. Daga baya k ɗin da ke gaban wasulan e da i ya yi laushi a bakin mutane, a Faransanci har ya zama s.

Na biyu, "scire" ɗin nan ita ce uwar "science", da "conscience", da "conscious". Wato kalmar kimiyya da kalmar da Baba yake tambaya a kai ciki ɗaya suka fito, ɗaya sani, ɗaya rashinsa.

Na uku, wanda ya fi jan hankalina. Masana sun bi "scire" baya har zuwa wata tsohuwar saiwa mai ma'anar yanka ko tsagawa. Wasu suna danganta ta da saiwar da suke rubutawa *skei-, wadda ta ba Girkanci "skhizein", tsagawa, inda aka samo "schism" da sunan cutar "schizophrenia". Ita ce kuma ta ba Jamusanci "scheiden", rabuwa, ta ba Sanskrit na tsohuwar Indiya "chid", yankewa. Wasu masanan kuma sun fi karkata ga *sek-, wadda ta ba Latin "secare", yanka. Ko wacce aka ɗauka, wuƙa ce a ƙarƙashin maganar. Ga mutanen nan, sanin abu shi ne ka iya raba shi da waninsa. Wannan tunanin ba baƙo ba ne a wurinmu, mu ma muna cewa a rarrabe gaskiya da ƙarya, alƙali kuma ya yanke hukunci. To "nescius" shi ne wanda ba ya iya rarrabewa. Ku duba kuma inda kalmar ta je a ƙarni na 16: mai tsananin rarrabewa. Ta juya wa asalinta baya gaba ɗaya.

Shi kuma "ne" na korewa ya fi kowa tsufa a fili. Shi ne "na" a Sanskrit, "ne" a Rashanci, shi ne kuma n ɗin da ke farkon "no" da "not" da "never".

Baban Hanifa:
Ɗana, wannan tauraron da kake sawa gaban kalma, na mene ne? Kuma wane harshe ne wannan da ya haɗa Indiya da Jamus da Rum? A wane littafi aka rubuta shi?

Ɗalibin Harsuna:
Ba a rubuta shi ba ko kaɗan Baba. Tauraron ma abin da yake sanarwa ke nan: ba a taɓa ganin kalmar a rubuce ba, gano ta aka yi ta hanyar kwatanta 'ya'yanta. Ana kiran harshen kakan harsunan Indiya da Turai. Yawancin masana suna ganin makiyaya ne suka yi magana da shi a filayen da ke arewa da Baƙin Teku da tekun Kasbiya, yankin Yukiren da kudancin Rasha na yau, kimanin shekara dubu biyar zuwa shida da suka wuce.

Baban Hanifa:
To ai nan ne gizo ke saƙa. Harshen da ba wanda ya ji, ba wanda ya rubuta, ka ce min ga kalmominsa? Wannan da shaci-faɗi ina bambancinsu? Ni na fi yarda da maganar Malama, domin ita tana da takarda a hannu.

Ɗalibin Harsuna:
Tambayar tana kan hanya Baba, kuma masana da kansu sun sha yi wa juna ita.

Abin ya ɗauki hankalin Turai sosai a 1786, lokacin da wani alƙalin Ingila a Kalkata, William Jones, wanda ya koyi Sanskrit, ya faɗa a wani jawabi cewa kamar da ke tsakanin Sanskrit da Girkanci da Latin ta fi ƙarfin a ce dace ne, dole tushe ɗaya gare su. Uba a Sanskrit "pitar", a Latin "pater", a Ingilishi "father". Amma kama kaɗai ba hujja ba ce. Hujjar ta zo ne da aka gano cewa bambancin ma yana bin ƙa'ida. Rasmus Rask ɗan Denmak a 1818, da Jacob Grimm Bajamushe a 1822, suka nuna cewa inda Latin ke da p a farkon kalma, Ingilishi da danginsa suna da f: "pater" da "father", "piscis" da "fish", "pes" da "foot". Inda Latin ke da k, su h ne: "cor" da "heart", "cornu" da "horn". Ba kalma ɗaya ko biyu ba, jeri guda ne.

Ga abin da ya sa na amince da hanyar. A 1879 wani matashi ɗan Suwizalan, Ferdinand de Saussure, ya duba yadda wasula ke sauyawa a waɗannan harsunan, ya ce lissafin ba zai fita ba sai in akwai wasu sautuka a harshen kaka da suka ɓace a duk 'ya'yan da aka sani. Ba shi da ko harshe ɗaya da zai nuna su a ciki. Bayan haka aka tono dubban allunan yumɓu a tsohon birnin Hattusa da ke Turkiyya. A 1915 Bedřich Hrozný ya warware harshensu, na Hittiyawa, ya nuna ɗan wannan dangin ne. A 1927 Jerzy Kuryłowicz ɗan Folan ya nuna cewa akwai wani sautin maƙogwaro a harshen Hittiyawa da yake zaune a guraben da Saussure ya ce an yi rashi. Saussure ya rasu tun 1913, bai ga wannan ba. Shaci-faɗi ba ya faɗin abu tun yana binne a ƙasa, a tono kuma a tarar da shi.

Duk da haka na yarda da Baba a abu ɗaya: daga "nice" zuwa "nescius" tabbas ne, akwai takarda. Daga "scire" zuwa tsohuwar saiwar kuwa rinjayen hujja ne, shi ya sa na kawo ra'ayi biyu.

Abba Ɗan Zazzau:
Yaya, wani abu ya faɗo min. Mu muna cewa "sani", su suna cewa "science". Ga s ga n, ma'ana kuma ɗaya. Anya ba daga Hausa suka ɗauka ba? Ko dai mu ma 'yan wannan dangin ne?

Ɗalibin Harsuna:
Na ji daɗin yadda kake sa kunne Abba, amma a'a. Ka tsaga kalmar ka gani. Saiwar "science" ita ce "sci" kawai, wadda ake furtawa "ski". N ɗin da kake ji na ɗafa-ƙeya ne, irin wanda ke cikin "patience" da "silence". In ka cire shi, ka mayar da k ɗin da ya ɓace, sai ka ga "ski" da "san", ba abin da ya haɗa su. A "sani" kuwa n na jikin saiwa ne, kuma kalmar tana da 'yan'uwa a sauran harsunan Cadi.

Hausa tana cikin harsunan Cadi, tare da Bolanci da Ngizim da Bade da Angas da Margi da wasu fiye da ɗari. Su kuma reshe ne na babban dangin Afro-Asiya, inda Larabci da Ibrananci da harshen tsohuwar Masar da na Buzaye suke. Joseph Greenberg ne ya daidaita wannan rabon a littafinsa na 1963. Danginmu daban, na Ingilishi daban.

Dace irin wannan yana faruwa sosai. A Farisanci "bad" na nufin mummuna, daidai da Ingilishi, kuma an bincika an ga ba asali ɗaya ba ne. Mu ma an daɗe ana faɗa mana "boko" daga "book" take. Paul Newman ya yi rubutu a 2013 ya nuna kalmar Hausa ce tun asali, mai ma'anar algus ko abin yaudara, kamar a "amaryar boko" da "biri-boko", kuma ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo waɗannan ma'anonin. Kunne yana saurin haɗa zumunta, sai an bi tarihi a hankali.

Alaramma Na Bakin Kasuwa:
Assalamu alaikum. Ina ta bin maganar tun farko. Ni ba na jin Turanci, amma damuwar Alhaji na gane ta, kuma ba ta banza ba ce. A Larabci asalin kalma yana da daraja ƙwarai. Ibn Faris, wanda ya rasu a 395 bayan Hijira, ya wallafa ƙamus guda, Maƙayisul Lugga, don ya mayar da kalmomin kowace saiwa zuwa ma'ana ta asali. Saboda haka wanda ya ce a duba tushe bai yi laifi ba.

Sai dai malaman usulu sun raba mana gardamar nan tuntuni. Suka ce kalma tana da ma'anar lugga, tana da ma'anar shari'a, tana da ma'anar al'ada. Salla a lugga addu'a ce, amma in aka ce mutum ya yi salla, ba wanda zai fahimci ɗaga hannu kawai ya yi. Dabba a lugga duk abin da ke tafiya a bayan ƙasa ne, har da ɗan Adam, ayar Suratu Hudu da ta ce babu wata dabba a ƙasa face arzikinta yana ga Allah ta haɗa da ni da ku. Amma yau ka kira mutum dabba ka ce ai lugga kake nufi, ka ga ko zai yarda. Hatta a babin rantsuwa, malaman fiƙihu niyyar mai magana suke fara dubawa, da abin da mutanen garinsa ke fahimta da lafazin, kafin su koma ga asalin lugga.

To in al'ada tana iya mayar da kalma mai tsabta zagi, tana iya wanke wadda ta fara da zagi. Yaron da ya ce wa Alhaji kalmar nan yabo ya yi niyya, Alhaji yabo ya ji, masu harshen ma yabo suka sani. Ban ga inda zagi zai shigo ba.

Baban Hanifa:
Allah ya gafarta Malam, wannan misalin na dabba ya shige ni fiye da duk abin da aka faɗa. Allah ya ƙara ilimi.

Ɗan Damagaram:
Maganar Malam ta tuna min da wata kalma da muke da ita mu duka. Miskini a Hausa da Larabci abin tausayi ne, wanda aka umarce mu mu ciyar. Kalmar ta shiga Italiyanci da Sifaniyanci daga Larabci, ta kai Faransanci a matsayin "mesquin". Amma a Faransanci yau in aka ce maka "mesquin", marowaci ne kai mai ƙaramar zuciya. Zagi ne sosai.

Ɗalibin Harsuna:
Ita wannan ta fi "nice" tsufa a rubuce nesa ba kusa ba. Tana cikin dokokin Hammurabi, sarkin Babila, wajajen 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A harshen Akkadiya "mushkenum" rukunin mutane ne da ke ƙasa da manyan 'yantattu, sama da bayi, kuma diyyarsu ta bambanta da ta manya. Dutsen da aka sassaƙa dokokin yana gidan tarihi na Louvre a Faris.

Ingilishi ma yana da wadda ta yi irin wannan gangarowar. "Silly", da yau take nufin sakarai, a tsohon Ingilishi mai albarka take nufi, mai sa'a. Daga mai albarka ta koma marar laifi, daga nan abin tausayi, sannan mai rauni, zuwa ƙarni na 16 ta zama wawa. 'Yar'uwarta ta Jamusanci, "selig", har yau albarka take nufi. Da ƙa'idar mai saƙon WhatsApp za a bi, da sai mu riƙa godiya in an ce mana "silly".

Maman Sadiq:
Mu ma ai muna gani da idonmu. Yaran yanzu in ɗan ƙwallo ya burge su sai ka ji sun ce shege ne. Ni har yau ba na son jin ta, kuma ina tsawatarwa a gidana.

Alaramma Na Bakin Kasuwa:
Ki ci gaba da tsawatarwa Hajiya. Wannan ba ta kai matsayin waccan ba. Tsohuwar ma'anarta tana nan da ranta, kowa ya san ta, kuma tana taɓa mutuncin iyaye. Al'adar wasu samari ba ta zama al'adar gari ba.

Malamar Turanci:
Haka yake Malam. Ni kuma in za a hana yara "nice", ina da nawa dalilin, wanda ba ruwansa da Latin. Kalmar ta zama fanko. Ina duba insha'in ɗalibai, sai in ga gida "nice", malami "nice", abinci "nice", tafiya "nice". Yaron da a Hausa zai bambance miya mai daɗi, da mai garɗi, da mai ɗanɗano, ya bambance mutum mai kirki, da mai kunya, da mai fara'a, da mai haƙuri, in ya koma Turanci sai ya tattara su duka a kalma ɗaya. Wannan yana min ciwo, domin ba ƙarancin tunani ne da shi ba, ƙarancin karatu ne.

Kuma kukan ya daɗe. Jane Austen a littafinta Northanger Abbey, wanda ya fito a ƙarshen 1817 bayan rasuwarta, ta sa wani saurayi yana tsokanar budurwa don ta kira littafi da wannan kalmar, yana cewa yanzu ta zama ta komai da komai. Shi yana kare tsohuwar ma'anar ce ta tsari da lura. H. W. Fowler ma ya yi irin wannan ƙorafin a littafinsa na ƙa'idojin Ingilishi na 1926.

Baban Hanifa:
To Malama, a gida zan bar su su faɗa, amma in na ji zan tambaye su me suke nufi, su faɗa min da Hausa.

Maman Sadiq:
Malama kafin ki tafi. Babban ɗana yana karatun lauya, kuma ya ce min a littattafansu yana yawan ganin "a nice distinction" da "a nice point of law". Ya ɗauka yabon maganar ake yi. Haka ne?

Malamar Turanci:
A'a Hajiya, ki faɗa masa ba yabo ba ne. Wannan ita ce ma'anar ƙarni na 16 da ta tsira a harshen shari'a. "A nice distinction" bambanci ne siriri tsakanin abu biyu masu kama, wanda sai mai lura sosai yake gani. "A nice point of law" kuwa mas'ala ce mai sarƙaƙiya da hujjojin ɓangarorin biyu suka kusa yin kunnen doki, alƙali sai ya yi dogon nazari kafin ya yanke. Zai kuma ci karo da "niceties", ƙananan ƙa'idoji da ake kiyayewa dalla-dalla. Ya kula da wannan a jarrabawa, domin in alƙali ya rubuta cewa tambaya "nice" ce, gargaɗi yake yi cewa amsarta ba a fili take ba.